Babi na Shida: Ƙayar da Ba a Haɗiya Ba

Duk wanda ya taɓa cin tarwaɗa ko karfasa cikin gaggawa ya san yadda ƙaya take maƙalewa a maƙogwaro. Ka haɗiyi yawu, ka ji ta. Ka sha ruwa, tana nan. Sai wani dattijo ya ce ka yanki lomar tuwo ka haɗiye ba tauna, kafin gari ya waye abin ya wuce. To akwai mutanen da ke jin wannan ƙaya wata da watanni, wasu shekara da shekaru, alhali ba su ci kifi ba. An haska bakinsu da tocila, ba a ga komai ba. An zura musu na'urar leƙen maƙoshi, nan ma shiru. Sun sha maganin ƙwayoyin cuta kala-kala, wasu an cire musu haƙorin da bai ci ba bai sha ba, wasu kuma daga ƙarshe an ce musu damuwa ce, su rage tunani. Ƙayar kuwa tana nan a gefe guda, tana tashi idan sun haɗiya, ko sun yi hamma, ko sun waiga. Kuma gaskiyarsu, akwai ƙaya. Da ita aka haife su.

Sa yatsanka a ƙasan kunne, cikin ɗan ramin da ke tsakanin ƙarshen muƙamuƙi da tudun ƙashin bayan kunne. Can ciki, inda yatsa ba ya kai wa sosai, wani siririn ƙashi ya sauko daga gindin ƙoƙon kai, ya nufi ƙasa da gaba, ya ɗan karkata zuwa maƙogwaro. Kowa yana da guda biyu, dama da hagu. Likitoci na kiransa sitailoyid, daga kalmar Girkanci mai nufin ginshiƙi, kodayake wanda ya gan shi ba zai tuna ginshiƙi ba. Ya fi kama da tsinken tsire, ko alƙalamin da almajiri ya fiƙe. A nan za mu riƙa ce masa tsinke. A jikin yawancin manya tsawonsa kimanin santimita 2.5 ne, kusan gaɓar yatsa ɗaya, kuma idan ya haura santimita 3 sai a ce ya yi tsawo.

Aikinsa aikin turke ne. Tsokoki uku ne a ɗaure a jikinsa: ɗaya ta tafi harshe tana ja da shi baya, ɗaya ta tafi bangon maƙogwaro tana ɗaga shi lokacin haɗiya, ta ukun ta sauka zuwa wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da ke ƙarƙashin harshe. Akwai kuma igiyoyi biyu masu tauri irin na agara, ɗaya zuwa muƙamuƙi, ɗaya zuwa wancan ƙashin na ƙarƙashin harshe. Masana sassan jiki sun daɗe suna kiran wannan tarin da damin furannin Riolan, sunan wani masanin Faransa na ƙarni na 17, wai tsokokin su ne jajayen furanni, igiyoyin kuma farare. Igiyar da ke sauka zuwa ƙarƙashin harshe ita ce mai jawo rigima. Tun jariri yana ciki, ita da tsinken daga guringuntsi ɗaya suka fito, shi ya sa a jikin wasu mutane takan ci gaba da daskarewa ta zama ƙashi. Sai tsinken ya ƙaru, wani lokaci ya kai santimita 5 ko 6, wani lokaci ya zo gaɓa-gaɓa kamar sandar rake, har akwai waɗanda nasu ya haɗe da ƙashin harshen gaba ɗaya. Wani likitan fiɗa na birnin Padua a Italiya, Pietro Marchetti, ya bayyana wannan daskarewar tun 1652.

Da a fili tsinken yake, tsawonsa ba zai dami kowa ba. Matsalar ita ce unguwar da yake zaune cunkushe take, kuma maƙwabtansa duk manya ne. Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya zuwa kai, wadda kake jin bugunta a gefen wuya, tana rabuwa biyu kamar gwafa, reshe ɗaya ya shige ƙwaƙwalwa, ɗaya ya tafi fuska, kuma ta tsakanin rassan nan biyu kan tsinken yake bi. A gefensa akwai babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai. A daidai gindinsa akwai ɗan ramin da jijiyar motsa fuska take fitowa, wadda da ita kake murmushi da rufe ido. Sannan ga wasu jijiyoyin saƙo huɗu daga cikin goma sha biyun da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, duk suna ratsa wurin. Hausa ta haɗa mai jini da mai saƙo ta kira su jijiya, don haka mai karatu ya riƙa lura da wacce ake nufi, domin ciwon da za mu yi magana a kai iri biyu ne, kuma bambancinsu a nan yake.

Mutumin da ya haɗa tsawon ƙashin da koken marasa lafiya har duniya ta saurara shi ne Dokta Watt Eagle, likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Jami'ar Duke da ke Karolina ta Arewa a Amurka. A 1937 ya wallafa labarin mutum biyu, daga baya ya tattara fiye da 200, kuma da sunansa ake kiran ciwon har yau. Sunan nasa a Turanci yana nufin mikiya, abin da ya sa wasu ɗalibai ke zaton an kwatanta ƙashin ne da ƙumbar tsuntsu. Babu tsuntsu a maganar, sunan mutum ne. A zamaninsa, cire tansil, wato dunƙulen naman nan biyu da ke gefen maƙogwaro, yana cikin tiyatar da aka fi yi a Amurka, sai ya lura cewa da yawa daga masu zuwa masa da ƙayar nan an taɓa yi musu wannan aikin. Ya yi bayanin cewa tabon da ya biyo baya ne yake tsukewa a kan tsinken, ya ja jijiyoyin saƙo suna goga da shi. Daga baya an yi ta samun masu ciwon da ba a taɓa kai wuƙa maƙogwaronsu ba. An fi ganinsa ga mata, kuma ga waɗanda suka haura shekara 30 ko 40.

Akwai wani lissafin Eagle da nake ganin ya fi duk abin da ya rubuta amfani. Ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 4 cikin 100 ne ke da dogon tsinke, kuma a cikin waɗannan ma, kimanin 4 cikin 100 ne kawai abin yake damu. Ka ɗauki gari mai mutum 10,000. Mutum 400 na yawo da dogon tsinke, amma 16 ne kacal ke da ciwo. Galibin sauran 384 za su yi aure, su haifi 'ya'ya, su tsufa, a kai su makwanci, ba su taɓa sanin da shi ba. Hotunan zamani ma sun nuna cewa masu dogon tsinke sun fi yadda ya zata yawa. Ke nan idan mai ciwon wuya ya ɗauki hoto aka ga dogon ƙashi, ba a gano komai ba tukuna. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Nau'in farko, wanda aka fi sani, na jijiyar saƙo ne. Wadda ta fi shan wahala ita ce ta tara a lissafin likitoci, mai ɗaukar ji daga bayan harshe da gurbin tansil da bangon maƙogwaro. Wannan jijiya tana da wani ɗan reshe da ya haura zuwa cikin kunne. Saboda haka idan tsinke ya tokare ta a maƙogwaro, ƙwaƙwalwa takan rikice ta ce kunne ne ke ciwo. Mutum ya yi ta ɗiga magani a kunne, likita ya leƙa ya ga kunne garau. A ƙasar Hausa kuma akwai wata hanyar da irin wannan koke yake bi: da zarar an ce wani abu ya tsaya a wuya, sai a tuna da beli, a nemo wanzami. Beli yana rataye ne a tsakiya, a fili. Tsinken kuwa yana gefe, a bayan bangon tsoka, inda askar wanzami ba ta zuwa, kuma gara da ba ta zuwa.

Nau'i na biyu ya fi ƙaranci, ya kuma fi ban tsoro. A nan jijiyar jini tsinken yake dannawa, musamman idan an juya kai. Mutum ya ji ciwo yana bin gefen wuya zuwa ido ko saman kai, ko jiri ya ɗebe shi, ko gani ya dushe na ɗan lokaci, wani har ya suma. A 1999 wasu likitoci a birnin Paris suka ba da labarin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan shekara 43 da ya shafe fiye da awa ɗaya yana waya, ya maƙale kan tarho tsakanin kunnensa na hagu da kafaɗa. Bayan ya ajiye sai idonsa na hagu ya daina gani na ɗan lokaci, kunne ya riƙa ƙara, magana ta sarƙe masa. Hoto ya nuna bangon jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ya tsage daga ciki, kuma a daidai wurin ga dogon tsinke nan jingine da ita. Irin wannan tsagewa tana iya haifar da shanyewar ɓarin jiki. Akwai ma waɗanda jijiyar dawo da jini ce take matsewa tsakanin tsinken da ƙashin wuya na farko, su yi ta fama da ciwon kai da jin shuu a kunne.

To yaya ake tabbatar da cewa ƙashin ne mai laifi? Shaida ta farko ba ta bukatar wutar lantarki. Likita zai sa safar hannu, ya zura yatsa cikin baki zuwa gurbin tansil, ya danna a hankali. Tsinke mai tsawon al'ada ba ya taɓuwa ta nan. Idan ya ji wani abu mai tauri da tsini a ƙarƙashin yatsansa, magana ta fara. A ce wata baiwar Allah ce mai shekara 45 da ta gaji da zagayen asibitoci. Da yatsa a baki ba ta iya magana, sai dai ta zabura ta riƙe hannun kujera. Ya cire, ya ce, "Hajiya, shi ne ciwon da kike ji, ko wani ne daban?" Ta ce, "Shi ne, likita, wallahi shi ne, har cikin kunne." Wannan tambayar tana da muhimmanci, domin duk wanda aka tsokane wa maƙogwaro zai ji ba daɗi. Abin da ake nema shi ne dannawar ta tayar da ainihin ciwon da ya kawo ta.

Shaida ta biyu allura ce. Ana ɗura ɗan maganin kashe zafi irin na likitan haƙori, lidoken, a daidai wurin. Idan cikin 'yan mintoci ta haɗiyi yawu ta waiga dama da hagu ta ce ƙayar ta ɓace, shaida ta yi ƙarfi, ko da ciwon zai dawo bayan maganin ya sake ta. Sai ta uku, hoto. Dogon hoton haƙora da ke nuna muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne yakan nuna tsinken, kuma sau da yawa a can ake fara cin karo da shi ba da niyya ba. Amma wanda likitan fiɗa ke dogara da shi shi ne hoton siti sikan, wanda kwamfuta ke harhaɗawa har a iya juya ƙoƙon kan a allo, a auna tsawon ƙashin da karkatarsa, a ga tazararsa da jijiyoyin jini. Wani lokaci karkatar takan fi tsawon muhimmanci. Kafin a yanke hukunci kuma dole a kore sauran waɗanda ake zargi, domin kama da wane ba wane ba ce: ciwon gaɓar muƙamuƙi, haƙorin ƙarshe da ya maƙale, ciwon jijiyar fuska mai fizga kamar wutar lantarki, da wanda ya fi su duka haɗari, wato ciwon daji a gindin harshe ko tansil, wanda shi ma kan fara da zafin haɗiya da ciwon kunne a gefe guda.

Ba kowa ake kai wa tiyata ba. Akan fara da magungunan rage kumburi, da masu kwantar da jijiyar saƙo irin su gabafentin da kabamazafin, da allurai a gurbin tansil. Wasu hakan ya ishe su. Amma ƙashi ba ya narkewa da ƙwaya, kuma ga da yawa sauƙin na wucin gadi ne. A da akwai masu sa yatsa ta baki su karya tsinken da ƙarfin tsiya su bar guntun a ciki. An watsar da wannan, don guntun kan sake haɗewa, ko ya soki abin da bai kamata ba.

Tiyatar kanta abu ɗaya take nufi, a gajarta tsinken. Hanyar isa gare shi ce ta rabu biyu, kuma likitoci sun daɗe suna ja-in-ja a kai.

Hanya ta farko ta baki ce, wadda Eagle da kansa ya fi so. Bayan an sa majinyaci barci, ana buɗe bakinsa da wani ƙarfe mai riƙe harshe. Idan tansil na nan, galibi akan fara cire shi. Sai likita ya laluba kan tsinken da yatsa, ya tsaga tantanin wurin da siririn bangon tsokar da ke bayansa, har farin ƙashin ya leƙo. Daga nan sai a bi jikinsa zuwa sama ana saɓule tsokoki da igiyoyin da ke manne, kamar mai zare tsire daga tsinke, ana manne da ƙashin ba a kauce ba, domin kaucewa kaɗan a wannan wuri na nufin haɗuwa da jijiyar jini. In an kai iya inda za a iya, sai a datse da almakashin ƙashi, a ɗinke. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuma babu tabo a waje, abin da ba ƙarami ba ne ga budurwa ko ga duk wanda ba ya son a riƙa tambayarsa me ya same shi a wuya. Illarsa ita ce likita yana aiki ne a gindin rijiya, ta ƙofa ƙarama, rabi da ido rabi da lalube. Idan jini ya ɓalle, tsayar da shi ta nan akwai wuya. Baki kuma gidan ƙwayoyin cuta ne, ga shi an buɗe musu hanya zuwa cikin wuya, don haka sai an haɗa da maganinsu. Kumburi ma na iya matse hanyar numfashi, shi ya sa da yawa ba sa yarda su yi ɓangare biyu a rana ɗaya. A manyan asibitocin da ke da hali, yanzu ana shiga da siririyar kyamara, wasu ma da na'urar da Vinci mai hannuwan ƙarfe, don rage laluben.

Hanya ta biyu ta wuya ce. Ana juya kai gefe, a tsaga fata a ƙasan kusurwar muƙamuƙi, ana barin tazarar kamar faɗin yatsa biyu. Tazarar nan tana da dalili. Wani siririn reshe na jijiyar fuska yana bin gefen muƙamuƙi zuwa leɓen ƙasa, kuma idan aka taɓa shi, baki zai karkace idan mutum ya yi dariya. Likita mai lura yakan ɓoye tsagar cikin layin da fatar wuya ta riga ta yi. Daga nan ana shiga hawa-hawa, a ture ƙullin da ke samar da yawu gefe, a nemo wata tsoka mai ciki biyu da ke zama alamar hanya, a bayanta kuma ga tsinken, ga jijiyoyin jini a fili ana kallonsu. Ana iya hawa sama sosai a datse kusa da gindi, amma ba a tumɓuke shi, saboda jijiyar motsa fuska da ke fitowa a daidai nan. Garin neman gira ba a so a rasa ido. Wannan hanya ta fi ɗaukar lokaci, tana barin tabo, wani lokaci da ɗan bututun tsotse jini na kwana ɗaya ko biyu, kuma fatar kunne kan yi sanyi kamar ba ta mutum ba na wasu makonni.

Ni dai idan aka tambaye ni, ba na ganin akwai wadda ta kayar da 'yar'uwarta. Tsinken da ake taɓawa da yatsa cikin sauƙi, mai damun jijiyar saƙo kawai, a hannun wanda ya saba, hanyar baki ta wadatar. Amma inda jijiyar jini ta shigo cikin maganar, ko ƙashin ya daskare har ƙasa, ban ga hikimar lalube a duhu don gudun tabo ba. Tambayar da ta fi dacewa majinyaci ya yi wa likitansa ita ce wacce ya fi yi, kuma sau nawa, domin ciwon ba shi da yawa, kuma akwai ƙwararrun da za su yi shekaru ba su yi aikin ba ko sau ɗaya.

Wani abin mamaki shi ne, tsokoki ukun nan da aka kwance daga turkensu ba sa hana mutum haɗiya ko magana. Suna manne wa naman da ke kusa, sauran tsokokin wurin kuma su ɗauke nauyin. Bayan aiki akan yi kwanaki ana shan kunu da abinci mai laushi, musamman wanda aka bi ta bakinsa. Wasu kan gamu da wata baƙuwar matsala da ake kira ciwon lomar farko: da zarar an kai loma ta farko baki sai zafi ya soki gefen kunne, loma ta biyu ya ragu, kafin a kai tsakiyar kwano ya tafi, sai kuma wani cin abincin. Yakan lafa da tafiyar watanni. Tsohon ciwon ma ba lallai ya tafi ranar da aka farka ba, domin jijiyar da ta shekara ana goga ta tana ɗaukar lokaci kafin ta huce.

Rahotannin likitoci sun fi nuna cewa kimanin 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna samun sauƙi. Ragowar fa? Wasu ba a datse isasshen tsawo ba, wasu tabon ciki ne ya sake kama jijiyar. Wasu kuma suna cikin mutum 384 ɗin nan ne na garinmu: dogon tsinke gare su, ciwo gare su, amma ba tsinken ne ke kawo ciwon ba. An ga hoto mai ban mamaki a allo, an tsallake yatsa da allura, an shiga ɗakin tiyata.

Sau da yawa hoton yakan nuna tsinken dama da na hagu duk dogaye ne, wani lokaci ma na ɓangaren da ba ya ciwo ya fi tsawo. Hajiyarmu ta farka, an nuna mata guntun ƙashi a cikin 'yar kwalba, bai kai tsinken ashana ba, ta yi ta juya shi tana mamakin wai wannan ne ya hana ta sakat shekara uku. Sai ta tuna hoton, ta ce, "To likita, na ɗaya gefen fa, yaushe za a cire?" Ya tambaye ta ko yana mata ciwo. Ta ce a'a. Ya rufe fayil ɗinta, ya rubuta mata ranar dawowa duba ɗinki.